Minti Bakwai da Aka Yanke

A wurin aiki Almakashi suke ce masa, kuma ba ya jin haushin sunan, har ɗan ɗaga kafaɗa yake yi idan an kira shi. Aikinsa tace bidiyo ne, a wani ɗan ɗaki mai kwamfuta uku da fanka ɗaya mai ƙugi, a saman shagon masu gyaran waya. Kawo masa taron awa huɗu, kafin shayinka ya huce ya mayar maka da shi minti shida, duk wanda ya yi tari ko ya tsaya laluben takarda an yi waje da shi. Yana da ƙa'ida ɗaya da yake yawan faɗa wa abokan aiki: hoton da ya wuce daƙiƙa uku bai motsa ba gawa ne, a binne shi. Su yi dariya, shi kuma kansa ya ƙara girma.

A gida kuwa Auta ne, ko da yake ya ba talatin baya, furfura har ta fara leƙowa a gemunsa.

Mahaifinsa shekara ashirin da shida ya yi yana haska fim a wata silima da yanzu ta koma ɗakin ajiyar buhunan siminti. Baba bai taɓa kallon fim daga kujera kamar kowa ba. Ta wata 'yar taga mai faɗin littafi yake leƙe, yana tsaye kusa da majigi, zafin fitila na gasa masa kunci. Yanzu ya tsufa, hawan jinin ido yana cin ganinsa ta gefe, kullum abin da yake gani sai ƙara matsewa yake. Likita bai ɓoye wa 'ya'yan komai ba, ya ce magani zai rage wa ciwon gudu ne kawai, ba zai tsayar da shi ba.

Cikin ɗaruruwan fina-finan da suka bi ta hannunsa, ɗaya ne ya tsaya wa Baba a rai, wani fim ɗin kaboyi wanda masu kallo suka tsana. Labarinsa kuwa, Auta da Yayarsa sun sha shi har ya ginshe su. Da an ajiye kwanon abinci, sai Baba ya gyara zama ya fara: akwai wani wuri a fim ɗin, minti bakwai cif, ba magana, ba kiɗa, ba harbi. Daga nan Auta yakan zaro waya ya riƙa gyaɗa kai, Yaya kuma ta tuna da wani abu da ta bari a kan wuta. Shi ya sa a cikin su biyun ba wanda ya san abin da ke cikin minti bakwai ɗin, duk da an faɗa musu ya fi sau ɗari.

Wata rana Baba ya ce, "Auta, tun da komai yana cikin kwamfutar nan taku, nemo min shi. Ina so in sake ganinsa tun idon yana ɗan taɓukawa."

Ya nemo shi kuwa, a nan dai a yaba masa. Mako biyu ya yi yana bin kwatancen Baba har ya same shi, tas, ba ko ɗigo a hoton. Da ya buɗe ya ga tsawonsa sai da ya yi salati: awa uku da minti goma. Ya ja shi gaba, ya ga mutum a kan doki yana tafiya a fili. Ya ƙara ja, mutumin yana nan yana tafiya, dutsen da ke gabansa ma bai matso ba. Sai ya ce wa kansa ai idon Baba ba zai ɗauki awa uku ba, likita ma ya hana shi wahalar da ido. Wannan gaskiya ne, amma rabin gaskiyar. Ɗaya rabin shi ne ranar Asabar da suka tsayar akwai wasan ƙwallo ƙarfe huɗu, kuma shi ba ya jin zai iya zaman awa uku yana kallon doki na tunani.

Sai ya yi abin da hannunsa ya saba. Masu tace bidiyo idan suna sauri ba hoto suke kallo ba, layin sauti suke bi a ƙasan allo. Inda layin ya yi tsalle-tsalle, ana magana ko harbi, a bar shi. Inda ya kwanta shiru kamar zare, a datse. Haka Almakashi ya bi fim ɗin, ƙas, ƙas, ƙas, yana cin gyaɗa da ɗaya hannun. Ya zo kan wani dogon layi da ya kwanta fiye da sauran, bai ko ɗaga ido ya ga mene ne a sama ba, ya cire shi. Ya haɗa bakin yankan da kyau yadda ko shi ba zai gane ba. Fim ya dawo awa ɗaya da minti biyar, ya tura a filashi yana jin ya yi wa tsoho gata.

Ranar Asabar bayan azahar ya tarar Baba ya yi wanka, ya saka rigarsa ta fita, har da turare. Ya sa Yaya ta ja labule ta kashe fanka, wai ƙararta za ta ɓata fim. Sannan ya jawo kujerarsa gaban talabijin har gwiwarsa ta taɓa teburin.

"Baba, za ka shige ciki ne?" in ji Yaya. "Ka ja baya mana, hasken nan ba ya yi wa idonka kyau."

"Ƙyale ni, akwai abin da nake so in duba."

Aka fara. Baba yana ta murmushi, yana riga mutanen fim ɗin magana. Sau biyu ya ɗan yamutsa fuska ya ce, "Ikon Allah, har sun iso garin?" amma ya bar shi ya wuce. Can dokin jarumin ya fara ɗingishi, mutumin ya sauka ya ja shi zuwa wata tsohuwar rumfar katako. Baba ya miƙe zaune, ya ɗaga yatsa.

"Yauwa. Ku yi shiru. Ga wurin nan."

Mutumin ya tura ƙofar rumfar ya shiga. Hoto na gaba, sai ga shi a waje da sirdi a kafaɗa, yana tafiya a ƙasa, 'yan bindiga na jiransa a bayan dutse.

Yatsan Baba ya daɗe a sama kafin ya sauko. "Mayar da shi baya."

Auta ya mayar. Ƙofa, sirdi, 'yan bindiga. Ya sake mayarwa. A lokacin ne ya gane dogon layin nan da ya cire yana cin gyaɗa. A lokacin ne kuma wani ɓangare na labarin Baba da ya taɓa shiga kunnensa bisa kuskure ya dawo masa: yadda masu kallo suka riƙa fito suna buga kujeru a daidai wurin nan, manajan silima ya hau sama ya ce a cire naɗin fim ɗin da wurin yake ciki, Baba ya tsaya a bakin majigi ya ce sai dai a kore shi, domin shi mai haska fim ne, ba mahauci ba.

"Auta, wannan shi ne duka?"

Amsar gaskiya kalma uku ce, ni na yanke, kuma cikakken fim ɗin yana nan a kwamfutarsa, tafiyar minti ashirin. Amma Yaya na zaune, bakinta kuwa kowa ya san shi, ga kalmar mahauci tana yi masa yawo a ka. Sai ya ji bakinsa ya ce, "Haka na same shi, Baba."

"Ƙila da wani fim ɗin ka haɗa," Yaya ta ce a hankali. "Ai an daɗe."

"Sau ashirin da takwas na haska shi," in ji Baba. Harbi na ta tashi a talabijin ba mai kallo. Can ya ce, da wata murya da Auta bai san shi da ita ba, "Ko dai ni ne?"

Auta ya ga wasan ƙwallonsa a kan lokaci. Har yau bai san wanda ya ci ba.

Daga ranar Baba ya daina ba da labari. Da farko Yaya har cewa ta yi sun huta, amma ba a jima ba abin ya daina ba ta dariya. Mutumin da yake faɗin magana gaba gaɗi ya koma sai ya tambaya. Zai riƙe hoton marigayiya mahaifiyarsu ya ce, "Koren mayafi ne a jikinta a nan, ko ni nake ƙirƙira?" Zai fara cewa, "Shekarar da aka yi gobara a kasuwa," sai ya tsaya ya ce, "An dai yi gobarar ko?" Ya bar zuwa bencin mai aski inda tsofaffin abokansa ke taruwa, wai kada ya faɗi abin da ba a yi ba su yi masa dariya. Yaya ta kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, aka sa shi ya zana agogo, ya ƙirga daga ɗari zuwa baya. Ya ci duka, amma bai yarda da sakamakon ba.

"Likita bai san na yi shekara talatin ina ba mutane labarin abin da babu ba," ya ce wa Auta. "Har aikina na kusa rasawa a kansa. To in wannan ƙarya ne, wanne ne gaskiya?"

Auta ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Cikakken fim ɗin yana cikin aljihunsa a lokacin, ya tura shi a filashi tun washegarin abin. Kullum da shi yake zuwa, kullum da shi yake komawa. Yau Yaya na nan, gobe Baba ya gaji, jibi zai fi dacewa. Kuma kowace rana da ta wuce, maganar sai ta ƙara nauyi, domin yanzu ba yankan kaɗai zai amsa ba, har da kwanakin da ya yi shiru. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba, kuma ya san tsoro ne. Haka ya ci mako bakwai.

A mako na shida ne ya kalli wurin da kansa, da rana tsaka, abokan aiki sun fita cin abinci. Ya ce bari dai ya ga abin da ya jawo masa wannan masifa.

Cikin rumfar duhu ne, ba ka ganin komai sai inuwar doki a kwance da mutum zaune kusa da kansa. Ta wata tsaga a jikin katako, siririn hasken rana ya shigo ya sauka a kan ciyawa. Kyamara ba ta motsi. Daƙiƙa uku suka wuce, yatsansa ya kai kan maɓalli da kansa, ya janye shi ya danne a ƙarƙashin cinya. Sai ya lura hasken tafiya yake yi. A hankali ya bar ciyawa ya hau ƙafar dokin, ya bi haƙarƙarinsa, a nan ne ka ga cikin dabbar yana ɗagawa yana sauka da ƙyar. Ƙura na yawo a cikin hasken. Ya hau wuya, ya iske hannun mutumin a kan gashin dokin, hannu mai kaushi da tsohon tabo a babban yatsa. Sai kawai hasken ya ɗauke, rumfar ta yi baƙi ƙirin, girgije ya tare rana. Auta ya ji kansa yana riƙe numfashi. Da hasken ya dawo, cikin dokin ya daina ɗagawa. Ba wanda ya faɗa, ba kiɗan da ya nuna maka. Hasken ya ci gaba da tafiyarsa har ya kai fuskar mutumin.

"Kai! Wane ne ya ɗauki wannan?"

Mai Kyamara ne, abokin aikinsa, tsaye a bayansa da ledar abinci a hannu. Ya ajiye ledar ya sa aka mayar masa tun daga farko.

"Ka san ba fitila ba ce wannan? Rana ce ta gaske. Dubi yadda gefen hasken yake rawa. Kuma ɗauka ɗaya ce, ba haɗi. Mutumin nan ya auna inda rana za ta bi, ya kwantar da doki daidai wurin, sannan ya zauna jiran girgije. Wa ya san kwana nawa ya yi yana jira?" Ya girgiza kai, sannan ya daki kafaɗar Auta yana dariya. "Allah ya taimake shi bai haɗu da kai ba, Almakashi. Da tuni ka binne shi."

Auta ya yi dariyar yaƙe, ya tashi ya shiga banɗaki ya daɗe yana wanke fuska.

Duk da haka sai da ya ƙara mako guda. Ranar Talata Yaya ta kira shi yana tsakiyar aiki, muryarta a dashe. Ciwon ya tashi wa Baba farat ɗaya, sun dawo daga asibiti. Idon hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama kuwa, likita ya ce haske da duhu kawai yake bambancewa, ko fuskarta bai gane ba sai da ta yi magana.

Ranar Asabar Auta ya zo da hantsi. Baba na zaune a kujerarsa, fuskarsa na kallon taga. Yaya na ninke kaya a gefe, kuma wannan karon bai jira ta fita ba. Ya durƙusa a gaban mahaifinsa ya faɗi komai, bai rage ba: awa uku da minti goma, layin sauti, wasan ƙwallo, filashin da ya yi mako bakwai a aljihu.

Yaya ta saki rigar da ke hannunta. "Kai Auta, kai wane irin mutum ne? Kana kallo na kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa? Kana kallo yana tambayata launin mayafin Mama?"

"Bar shi," in ji Baba. Ya lalubo kafaɗar Auta ya riƙe, riƙo mai ƙarfi har da zafi. "Akwai shi?"

"Akwai shi, Baba."

"Rumfar? Hasken da ke bin doki?"

"Duk suna nan."

"Girgijen fa?"

"Har girgijen. Minti bakwai cif, na duba."

Baba ya jingina da kujera ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Sai ya fashe da dariya, hawaye na bin kuncinsa. "Ashe da hankalina. Kin ji ko? Gobarar ma an yi ta, kuma mayafin kore ne!" Auta ya so a ce zaginsa ya yi, ko ya ɗaga hannu ya mare shi. Da ya fi masa sauƙi a kan wannan murnar.

"To tashi ka sa mana. Ke kuma ja labule."

Auta ya sa filashi, ya ce bari ya kai shi daidai wurin. Baba ya ɗaga hannu.

"Ka ji ka kuma. Daga farko. Wurin nan ba a faɗa masa daga sama, sai ka gaji tare da dokin tukuna."

Suka fara daga farko. Auta ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar Baba yana faɗa masa abin da ke allo: ga fili, ga mutum a kan doki, ga dutse can nesa. Da ya rasa abin faɗa sai Baba ya ce, "Sama fa? Wane launi?" Dole ya duba. Sai ya ga sama ba launi ɗaya ba ce, kuma dutsen yana matsowa, shi ne da bai tsaya ya gani ba. Yaya ta gama fushinta a tsaye, ta zo ta zauna a hannun kujera. Awa biyu da wani abu suka yi a haka kafin dokin ya fara ɗingishi.

Mutumin ya tura ƙofa. Allo ya yi duhu, siririn hasken ya sauka a kan ciyawa.

"Yanzu hasken ya..."

"Yi shiru. Wannan ina ganinsa."

Baba ya matso har gwiwarsa ta taɓa teburin. Ya ɗaga yatsa yana bin farin layin a cikin duhu, abu ɗaya tak da idonsa ke iya kamawa a duk fim ɗin. "Ya hau ƙafa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Yanzu haƙarƙari. Yanzu hannu." Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Kafin girgijen ya zo da daƙiƙa biyu ya ce, "Ga shi nan," allo ya yi baƙi. Ba wanda ya motsa a ɗakin har hasken ya dawo, ya ci gaba da hawa, ya tsaya a fuskar mutumin.

"Auta, duba min fuskarsa. Kuka yake yi ko murmushi?"

Auta ya ɗago.

"Daga tagar majigi nesa ne, ka gane," in ji Baba. "Sau ashirin da takwas ina leƙe ban taɓa tabbatarwa ba. Wata rana in ce kuka, wata rana in ce murmushi. Shi ya sa rannan na jawo kujera kusa. Na ce yau dai zan gani da idona."

Ba da zargi ya faɗa ba, bayani kawai yake yi. Auta ya juya ga allon, ga fuskar nan ƙatuwa, kusa, tas, yadda mako bakwai da suka wuce Baba zai iya ƙirga gashin gemunta. Ya buɗe baki. Kafin ya iya cewa komai wurin ya ƙare, mutumin ya fito da sirdi a kafaɗa.

"Ban gani da kyau ba, Baba."

"To mayar da shi baya, tun daga ƙofa," in ji Baba, ya gyara zama ya ɗora hannu a kan Auta. "Ka duba a hankali. Ni ba sauri nake ba."